Rigar da Aka Ɗinka a Waje: 'Yar Wace Ƙasa Ce a Wurin Kwastam?

Ɗauki wandon jins guda ɗaya. Audugarsa a Indiya aka noma ta, yadin a China aka saƙa, a Lesotho aka yanka aka ɗinka, sannan jirgin ruwa ya kai shi Amurka. Ƙasashe uku sun sa hannu, amma ɗan ƙyallen da ke manne a ƙugunsa sunan ƙasa ɗaya tak zai ɗauka. Wannan sunan ne ke yanke kuɗin fiton da za a biya, shi ne kuma sau da yawa ke sa a buɗe masana'anta a wata ƙasa a rufe ta wata.

Me ya sa asalin riga yake da nauyi haka?

Saboda harajin tufafi yana da tsada in aka kwatanta da na sauran kayan masana'antu. A jadawalin harajin Amurka, rigar ti-shat ta auduga tana biyan kashi 16.5 cikin ɗari na ƙimarta, irinta ta zaren roba kuwa kashi 32. A Tarayyar Turai yawancin tufafi kashi 12 suke biya. Ɗan kasuwan da ya shigar da riguna na dala 100,000 Amurka zai iya biyan dala 16,500, ko 32,000, ko ya wuce bai biya komai ba idan kayansa sun cika sharuɗɗan wata yarjejeniyar rangwame. A sana'ar da ake ciniki a kan 'yan sulalla a kowace riga, wannan tazara ita ce ribar baki ɗaya.

To wace ƙasa ake ɗauka a matsayin asali: inda aka saƙa, inda aka yanka, ko inda aka ɗinka?

A dokar Amurka ta yau da kullum, inda aka haɗa rigar da ɗinki. Wannan ƙa'ida ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1996. Kafin nan yankan yadi yakan isa ya ba riga asali, kuma 'yan kasuwa sun ci moriyar haka sosai. A lokacin akwai tsarin ƙayyade adadin tufafin da kowace ƙasa za ta iya shigarwa, wanda ya samo tushe daga yarjejeniyar 1974 kuma bai ƙare ba sai farkon 2005. Sai a yanka yadi a Hong Kong, a tsallaka da shi cikin China a ɗinka da araha, kaya su shiga da sunan Hong Kong, su ci daga kasonta. Sauya ƙa'idar ya toshe wannan ƙofa.

Akwai togaciya: rigar sanyi da aka saƙa sassanta daidai da siffar jiki, ba a yanko su daga dunƙulen yadi ba, asalinta inda aka yi saƙar ne, ko da a wata ƙasa aka haɗa hannu da gaba da baya.

Ke nan duk rigar da aka ɗinka a Meziko tana shiga Amurka ba haraji?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙa'idojin asali iri biyu ne. Ɗaya tana faɗin sunan da za a rubuta a jikin riga da harajin da aka saba biya. Ɗayar kuma tana tantance ko rigar ta cancanci rangwame, kuma ta fi tsauri nesa ba kusa ba.

Yarjejeniyar cinikin Arewacin Amurka, NAFTA ta 1994, da magajiyarta USMCA da ta fara aiki a Yulin 2020, suna bin ƙa'idar "daga zare zuwa gaba". Ma'ana, kaɗa zaren, saƙa yadin, yanka da ɗinki, duk sai an yi su a Amurka ko Meziko ko Kanada. Audugar kanta tana iya zuwa daga ko'ina. Rigar da tela ɗan Meziko ya ɗinka da yadin China za ta ɗauki tambarin Meziko, ta kuma biya cikakken haraji. An bar ɗan sassauci, domin a USMCA zaren waje zai iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na nauyi, amma sabuwar yarjejeniyar ta ƙara matsewa a wani gefen: zaren ɗinki da yadin aljihu ma sai na yankin. Wanda ya duba da kyau zai ga wa aka yi wa wannan ƙa'ida: masaƙun Amurka, waɗanda ta tabbatar musu da masu saye a maƙwabta.

Idan kamfani ya yanka yadi a gida, ya aika waje a ɗinka, ya dawo da shi fa?

Akwai tanadi na musamman. A jadawalin Amurka lambarsa 9802.00.80, tsofaffin 'yan kasuwa kuma har yanzu da tsohuwar lambarsa, 807, suke kiransa. Ana cire ƙimar sassan da aka yi a Amurka kafin a lissafa haraji. Misali wandon da ƙimarsa dala 10 ce, yankakken yadi da maɓallai da zik na dala 6 daga Amurka suka fita: harajin zai hau kan dala 4 ne kawai. Da wannan tanadi masana'antun ɗinki suka yaɗu a bakin iyakar Meziko da Jamhuriyar Dominika da Honduras.

Sharaɗin shi ne sassan su fita a shirye, aikin da za a yi musu a waje kuma ya tsaya ga haɗawa da ƙananan ayyukan da ke biye da ita. Rini ko sa wa yadi sinadarin hana yamutsewa ya wuce gona da iri, rangwamen ya tafi. Asalin wandon kuma yana nan a ƙasar da aka ɗinka shi. Turai ma tana da irin wannan tsari na fitar da kaya a sarrafa a dawo da su.

Ƙasashen da ba su da masaƙu, yaya suke yi?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Ɗinki yana buƙatar keke, wuta da hannun ma'aikaci, shi ya sa ƙasa matalauciya take iya farawa da shi. Masaƙa ta zamani kuwa sai jari mai nauyi, ruwa mai yawa da lantarki marar yankewa. Idan aka ce wa irin wannan ƙasa an yafe mata haraji amma sai ta saƙa yadinta da kanta, an ba ta da hannun dama ne an karɓe da na hagu.

Tarihi ya nuna haka sau biyu. A 2001 Tarayyar Turai ta yafe haraji ga kayan ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, ban da makamai, amma ta riƙe sharaɗin mataki biyu: saƙa da ɗinki. Bangladesh ta fi iya cika shi a kayan saƙa irin su ti-shat, domin tana yin yadinsu a gida. Riguna da wanduna masu dogaro da yadin waje kuwa da yawa sun ci gaba da biya. Sai a 2011 aka sassauta, ɗinki kaɗai ya wadatar, Bangladesh da Kambodiya suka amfana ƙwarai.

Dokar AGOA ta Amurka kan ciniki da Afirka, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 2000, ta zo da irin wannan sassauci tun farko ga ƙasashen Afirka masu ƙaramin ƙarfi: su sayi yadi daga ko'ina, su ɗinka, su shigar Amurka ba haraji har wani ƙayyadadden adadi. Shi ya jawo masu jari, da yawansu daga Taiwan, zuwa Lesotho, ya kuma raya ɗinki a Kenya da Madagaska. Afirka ta Kudu ba ta shiga cikin masu wannan gata ba. Masu suka suna cewa sassaucin bai gina masaƙu a Afirka ba, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Ni dai ina ganin dubban matan da suka samu albashi a bakin keke sun fi masaƙar da tsauri bai taɓa ginawa ba. Raunin tsarin na gaske shi ne kyauta ce daga ɓangare ɗaya: an cire Madagaska a 2010, aka cire Habasha a farkon 2022, masu oda kuma suka fara neman wani wuri.

Ba za a iya sauya tambari kawai ba?

Ana gwadawa, kuma fasa-ƙwauri ne. Sa maɓalli, manna tambari, guga da naɗewa a leda ba sa ba riga sabon asali. Jami'an kwastam kan nemi takardun sayen zare da yadi, rajistar yanka, da bayanan albashin teloli, wani lokaci har su ziyarci masana'antar su ƙirga kekuna, su ga ko za su iya fitar da adadin da aka rubuta. A Amurka alhakin yana kan wanda ya shigo da kayan: idan takardun suka gaza, shi zai biya harajin da aka kauce wa, da tara a kai.