Waiwaye: Yadda kujerar bakin ƙanƙara ta fi ƙarfin mai son hoki a Kanada

Duk shekara, da zarar ƙungiyoyin hoki na Kanada sun aika wa masu tikitin kaka (wato tikitin duk wasannin gida na kakar wasa) takardar sabunta kujerunsu, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi. Wasu su ce albashin 'yan wasa ne ya jawo tsadar, wasu su ɗora laifin a kan 'yan bumburutun tikiti na intanet, wasu kuma su ce ai tun bayan korona babu abin da bai tashi ba, daga burodi har kuɗin haya. Magidancin da ke son kai 'ya'yansa biyu kallon wasa ɗaya a Toronto, in ya haɗa tikiti da kuɗin ajiye mota da ɗan abin taɓawa, ɗaruruwan daloli zai kashe a dare guda. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya girmi korona da fiye da shekara 20.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa, mutum shida-shida har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917. Yanzu ƙungiyoyi 32 ne a cikinta, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. An daɗe kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka, 41 a gida. Abin lura shi ne gasar ta fi dogara da kuɗin ƙofa idan aka kwatanta ta da ƙwallon zari-ruga ta Amurka, wadda talabijin ke ɗauke mata mafi yawan nauyi. Don haka farashin kujera ba ƙaramin zance ba ne a hoki.

Tarihin farko sananne ne. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar. Rediyo ya shigar da wasan daren Asabar gidajen mutane tun shekarun 1930, talabijin ya karɓa a 1952, yaro ya taso yana goyon bayan ƙungiyar da ya tarar mahaifinsa na goyon baya. Toronto Maple Leafs rabonta da kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, tun 1967, amma tikitin tsohon zaurenta na Maple Leaf Gardens bai daina ƙarewa ba daga 1946 har ranar da ta bar shi. Kanada gaba ɗaya rabonta da kofin tun da Montreal ta ɗauka a 1993. A 1988 shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky ya koma Los Angeles daga Edmonton, gasar ta fara hangen kasuwannin kudancin Amurka. A 1990 aka fara bayyana albashin kowane ɗan wasa, kowa ya ga abin da takwaransa ke karɓa, farashi ya hau: matsakaicin albashi ya tashi daga kimanin dala 271,000 a farkon shekarun 1990 zuwa kimanin dala miliyan 1.8 a kakar 2003-04. A nan yawancin masu ba da labarin suke tsalle su dira a kan rikicin albashi na 2004. Tsakanin waɗannan shekarun kuwa an yi wani abu da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato canja gida.

Cikin 'yan shekaru kaɗan kusan duk manyan ƙungiyoyin suka fita daga tsoffin zaurukansu. Chicago ta tashi a 1994, Boston da Vancouver a 1995, Ottawa da Montreal a 1996, Toronto a watan Fabrairun 1999. Jama'a sun ɗauki abin a matsayin bankwana da tarihi. A daren 11 ga Maris 1996, wasan ƙarshe a zauren Forum na Montreal, 'yan kallo sun miƙe suna tafa wa tsohon gwarzonsu Maurice Richard na mintuna masu yawa har hawaye ya zubo masa. Jaridu sun cika da irin waɗannan hotuna. Tsarin ginin da ake komawa kuwa bai sami wannan kulawar ba, alhali a cikinsa aka yanke wanda zai zauna a ina na shekaru masu zuwa.

Ba wai a tsohon gini talaka da mai kuɗi suna zama kafaɗa da kafaɗa ba ne. A Gardens launin kujera ne ke nuna matsayin mutum: masu launin zinariya a bakin ƙanƙara, sai ja, shuɗi, kore, har zuwa masu launin toka can sama kusa da rufi, inda mai ƙaramin ƙarfi ke zama. A Forum akwai wurin tsayuwa, mutum ya sayi tikiti mai araha, a buɗe ƙofa ya ruga ya kama wuri a jikin ƙarfe, ya yi kallonsa a tsaye. Amma ginin a matse yake, kujerun a tsaye suke bisa juna, na sama yana kusa da wasan, ihunsa yana isa kunnen ɗan wasa. Ɗakunan alfarma kaɗan ne, yawancinsu ma daga baya aka liƙa su.

Sabon gini da ɗakunan alfarma aka fara zana shi, sauran kujerun suka biyo baya. Zauren Montreal ya zo da fiye da 100, na Chicago fiye da 200. Ɗaki ne mai gilashi da kujerun laushi da abinci da mai hidima, kamfani ya kama haya na shekaru, ya riƙa kawo abokan cinikinsa. Sai aka jera su zobe-zobe a tsakiyar ginin, wanda hakan ya tura kujerun masu araha sama, ya kuma ja su baya. A ƙasa aka ware wasu layuka na musamman masu ɗakin cin abinci a ƙarƙashinsu. A wasu wuraren ma sai mutum ya fara biyan kuɗin mallakar haƙƙin kujera kafin a sayar masa da tikitin kanta. Adadin kujeru ya ƙaru, na Montreal ya haura 21,000, na Toronto ya kusa 19,000, amma rabon mai sayen tikiti da albashinsa a wuri mai kyau ya ragu.

Abin da ya canja a zahiri shi ne mai saye. Magidanci yana auna tikiti da kuɗin cefane. Kamfani kuwa yana auna shi da cinikin da zai ƙulla a daren, kuma dokar harajin Kanada ta ba shi damar cire rabin abin da ya kashe wajen karrama abokan ciniki daga ribar da za a yi wa haraji. In waɗannan biyun suka haɗu a kan kujera ɗaya, an san wanda zai tashi da ita. Da farashin layin gaba ya hau, sai na bayansa ya bi, har abin ya kai ga kujerar ƙarshe ta jikin rufi.

Mai kallon wasan Toronto a talabijin ya san yadda abin yake. Ana dawowa daga hutu, alƙalin wasa ya saki faifan, kujerun da kyamara ta fi haskawa rabinsu babu kowa, masu su suna ƙasa ba su gama cin abinci ba. Ihun da ake ji daga sama yake sauka. Ana ganin irin haka a wasu biranen ma, amma a Toronto ya zama abin ba'a, har 'yan garin da kansu suna kokawa da shirun zaurensu. Tsohon Gardens ɗin kuwa yanzu babban kantin kayan abinci ne a ƙasansa, da ɗan jan ɗigo a daɓe yana nuna inda tsakiyar ƙanƙarar take a da.

Ba zai yi adalci ba a ce kwaɗayi kawai ya kawo wannan. Ƙungiyoyin Kanada suna karɓar kuɗin ƙofa da dalar Kanada, suna biyan albashi da dalar Amurka, ga shi a waɗannan shekarun dalar Kanada tana ta faɗuwa, har ta kai kusan santi 62 na Amurka a farkon 2002. Garin da bai sami sabon gini ba, ƙungiyarsa ce ta tafi. Quebec ta rasa ƙungiyarta Nordiques a 1995, suka koma Denver suka ɗauki kofi a shekarar farko. A Winnipeg dubban mutane sun yi gangami a 1995, yara suna kawo kuɗin asusunsu don a ceci ƙungiyarsu Jets, duk da haka a 1996 ƙungiyar ta koma Phoenix. Tsoffin zaurukan biyu ba su rasa masoya ba, ɗakunan alfarma suka rasa. Darasin da kowane gari ya ɗauka shi ne ƙaunar jama'a ita kaɗai ba ta riƙe ƙungiya, sai da kuɗin kamfanoni.

Wannan ne ya sa zancen albashi bai gamsar da ni ba. A 2004 tattaunawa ta rushe tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, aka rufe zauruka, kakar 2004-05 ta tafi ba a buga ko wasa ɗaya ba, karon farko tun 1919 da ba a ba da kofin Stanley ba. Aka dawo da yarjejeniya: an zabge albashi da kashi 24 cikin ɗari, an sa iyakar dala miliyan 39 ga abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. Magoya baya da yawa sun haƙura da asarar kakar ne bisa fatan tikiti zai sauko. Wasu ƙungiyoyin sun rage farashi a shekarar farko, aka rubuta godiya ga 'yan kallo a kan ƙanƙara, jama'a suka dawo suka cika zauruka. Ragin bai daɗe ba. Yarjejeniyar ta ɗaure albashi da kuɗin shigar gasar, 'yan wasa suka fara da kashi 54 cikin ɗari, bayan wani rikicin a 2012 aka koma raba daidai. Ke nan yanzu kuɗin shiga ne ke jan albashi, ba albashi ke jan tikiti ba. Mai ƙungiya da ɗan wasa duk suna amfana idan kujera ta yi tsada, wanda ke biya kuma ba shi da wakili a teburin.

Sauran abubuwan da ake yawan ambata a kan wannan tushe suka hau. Daga wajajen 2009 ƙungiyoyin wasanni a Arewacin Amurka suka fara barin kwamfuta tana sauya farashi gwargwadon yawan masu nema, wasan daren Asabar da babbar abokiyar hamayya ya ninka na daren Talata. Bumburutun da ake yi a bakin ƙofa ya koma manhajar waya, ya zama halattacciyar kasuwa mai nata kuɗin hidima. Mai tikitin kaka da yawa yanzu sai ya sayar da manyan wasannin kafin ya iya biyan kuɗin sauran, shi ma ya zama ɗan kasuwa a kan kujerarsa. Korona ta rufe ƙofofi a 2020, iyakar albashi ta tsaya a dala miliyan 81.5 kaka uku a jere, da aka buɗe kuma kowa ya shiga cike giɓi.

Winnipeg ce ta nuna inda biyayya ke tsayawa. Da garin ya sake samun ƙungiya mai suna Jets a 2011, tikitin kaka 13,000 aka sa a kasuwa, kason da aka buɗe wa jama'a ya ƙare cikin mintuna, mutane suka sa hannu a kan alkawarin shekara uku zuwa biyar. Zauren bai wuce mutum 15,000 da 'yan kai ba, shekara da shekaru yana cika maƙil. Amma Winnipeg ba ta da tarin manyan kamfanoni irin na Toronto, yawancin kujerun iyalai ne da abokai ke haɗa kuɗi su saya su raba wasannin a tsakaninsu. A 2019 aka fara ganin gurbi, zuwa kakar 2023-24 masu tikitin kaka sun sauko zuwa kimanin 9,500, a lokacin da ƙungiyar ke cikin masu taka rawar gani a gasar. Mutanen garin ba su daina son hoki ba, aljihu ne ya ƙi. Quebec ta gina sabon zaure mai kujeru sama da 18,000 a 2015, har yau ba ta sami ƙungiyar NHL ba.

Masoyan da aka ture ba su watse ba, hanya suka canja. 'Yan Toronto kan tuƙa mota zuwa Ottawa ko su tsallaka iyaka zuwa Buffalo su kalli ƙungiyarsu, don sau da yawa ko da kuɗin mai abin ya fi sauƙi. Wasu sun koma wasannin matasa na ƙananan garuruwa. Gasar mata ta PWHL da ta fara a Janairun 2024 da tikiti mai sauƙi ta tara mutum 21,105 a zauren Montreal a watan Afrilun 2024. Mafi yawa kuwa suna gida ko gidan shaƙatawa gaban talabijin sanye da rigar ƙungiya, kuma ta nan ɗin ma kuɗinsu yana shiga lissafi: haƙƙin nuna wasannin a Kanada da aka sayar dalar Kanada biliyan 5.2 na shekara 12 a 2013, an sabunta shi a 2025 a kan biliyan 11.

An riga an sanar da iyakar albashi ta kaka uku a jere: dala miliyan 95.5 a 2025-26, miliyan 104 a ta gaba, sannan miliyan 113.5. Tunda rabin kuɗin shiga ne, waɗannan alƙaluma hasashe ne na abin da ake sa ran karɓa daga kujeru da talabijin da talla. Daga kakar 2026-27 kuma wasannin sun koma 84, na gida 42.