Shin matsin lamba na ƙara wa ɗan wasa ƙwazo?

An daɗe ana cewa ɗan wasa ba ya nuna bajinta sai an matsa masa lamba, amma rabin maganar ne kawai gaskiya. Fargaba kaɗan takan tattara hankali, ta shirya jiki. Idan ta wuce kima kuwa, jijiyoyi sukan ɗaure, ɗan wasa ya koma lissafin yadda zai aza ƙafa, abin da ya saba yi ba tare da tunani ba, shi ya sa tsawar koci kafin wasa take damuna. Roberto Baggio na Italiya, duk da ƙwarewarsa, ya ɗaga fenaritin ƙarshe sama da raga a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, Brazil ta ɗauki kofin.