Masu karatun labaran intanet na China: me ke ba su haushi?

Me ya sa labari ɗaya ke kai babi dubu biyu?

Kuɗi ne. Tun 2003 shafin Qidian, wani babban dandalin irin waɗannan labarai a China, ya fito da tsarin biya babi-babi: farkon labari kyauta ne, daga baya sai ka biya gwargwadon yawan haruffa. Marubucin da ke sakin rubutu kullum ba fashi kuma yana da ƙarin lada a ƙarshen wata. Wanda ya saba da marubutanmu masu sakin shafukan kyauta a WhatsApp kafin su ce a biya, ya san zancen. To, wanda tsawon labari ne abincinsa, ina zai yi gaggawar rufe shi? Shi ya sa faɗa ɗaya kan cinye babi goma, 'yan kallo a gefe suna ta riƙe baki, kowanne sai ya faɗi irin mamakinsa. Nan ne masu karatu ke cewa marubuci ya zuba ruwa, wato ya ja labari da tsawo ba dalili.

Wane irin jarumi suka fi tsana?

Mai yawan yafiya. Ɗan gidan masu hali ya ci mutuncinsa a kasuwa, jarumin ya kama shi, sannan ya sake shi don tausayi? Ranar sai zagi. Mutum ya biya kuɗinsa yana jiran ramuwa, kuma ya san wanda aka saki zai dawo da ubansa, uban ya dawo da kakan.

Abin mamaki, gudu bai dame su ba. Han Li, jarumin wani dogon labari da Wang Yu ya fara a 2008, in ya ga an fi ƙarfinsa sai ya cika wa rigarsa iska. Har laƙabin mai gudu suka sa masa, amma don ƙauna. Wauta ce ba sa yafewa.

Surutunsu yana canza labari?

Sosai, tunda ana rubutu ne ana karantawa. Suna tofa albarkacin bakinsu a kan kowane sakin layi, suna kuma da ƙuri'ar wata-wata da ke ɗaga labari ko ta bar shi a ƙasa. In marubuci ya kashe wanda suke so, sai barkwancin za su aiko masa da reza. A ganina laifin ruwan nan rabi nasu ne: suna neman babi biyu kullum, kuma kowanne ya zo da nama.