Furen dankalin turawa ba ya nufin lokacin haƙa ya yi

Masu shuka dankalin turawa a gida sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar shukar ta yi fure, to abin da ke ƙasa ya ƙosa, sai a ɗauko fartanya. Wannan kuskure ne, domin furen yana fitowa ne a daidai lokacin da dankalin yake fara girma a cikin ƙasa, kuma akwai irin da ba ya yin fure sam, amma yana zuba 'ya'ya yadda ya kamata.

Wanda ya yi gaggawar haƙa zai tarar da ƙananan dankali masu siririn ɓawo da ke saɓulewa da an taɓa shi. Ana cin su, har ma suna da daɗi, sai dai ba sa jure ajiya.

Ganye ne ke nuna ƙosawa. Idan ya koma rawaya, karan ya kwanta ya bushe, shukar ta gama tura abincin da ta tara zuwa ƙasa, abin da yakan ɗauki kwana 90 zuwa 120 bayan shuka, gwargwadon iri. Daga nan sai a daina ban ruwa, a jira kamar mako 2 domin ɓawon ya yi ƙwari, sannan a tono gindi ɗaya a murza dankalin da babban yatsa. Idan ɓawon bai saɓule ba, lokaci ya yi. Amma ganyen da ya bushe da wuri yana ɗauke da baƙaƙen tabo, yawanci cuta ce ta kama shi.