Farfaɗo da Tsohon Babur a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta farfaɗo da babur da sauya masa fasali?

Mai farfaɗowa yana so babur ya koma yadda ya fito daga kamfani: launin fentinsa, siffar kujerarsa, har irin notunan da aka ɗaure shi da su. Mai sauya fasali kuwa son ransa yake bi. A Ingila, cikin shekarun 1950 da 1960, samarin da ke taruwa a Ace Cafe ta Landan sun riƙa cire duk wani abu mai nauyi, su sunkuyar da hannun babur, burinsu su kai gudun mil 100 a awa. Daga nan salon kafe resa ya samo asali. A Amurka kuma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an yi ta datse madigadin manyan babura, ana kiran salon boba.

Wane babur ya dace da sabon shiga?

Wanda kayan gyaransa ba sa wahalar samu. Honda Super Cub, da aka fara ƙerawa a 1958, yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017, don haka duk abin da ya lalace a jikinta akwai madadinsa. Injin mai silinda ɗaya ya fi sauƙin koyo. Honda CB750 ta 1969 kyakkyawa ce, amma silinda huɗu da kafireta huɗu gare ta, kuma daidaita su sai wanda hannunsa ya faɗa. Baburan Ingila irin su Triumph Bonneville ta 1959 suna da nasu hali: giya a ƙafar dama take, kuma yawancin notunansu awon Whitworth ne, wato tsohon awon Ingila na inci, sufanar milimita ba ta zama musu daidai.

Me zan duba kafin in saya?

Lambar firam da ta injin su yi daidai da takardu. In ba su yi ba, ka haƙura, komai kyansa. Sai ka taka kik ka ji ko injin yana juyawa. Wanda ya daskare aikinsa ninki biyu ne. Haska cikin tanki ka ga tsatsa. Kuma gara babur mai muni wanda kayansa suka cika da mai sheƙi da aka kawo rabinsa a buhu.

Da me ake fara aiki?

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Zumuɗi kan sa mutum ya wargaza babur gaba ɗaya a makon farko, ya kai firam wurin fenti, bayan shekara kuma ya rasa wane noti ne na ina. A ganina, kada a taɓa fenti sai injin ya tashi. Abu uku yake bukata: wuta a fulogi, mai da ke isa, da matsin iska a silinda. A canza baƙin mai, a zubar da tsohon fetur, a wanke kafireta. Fetur da ya daɗe yakan zama kamar danƙo ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi a cikin kafireta, wato jet, kuma sau da yawa wannan ce kaɗai cutar babur ɗin da ake cewa ya mutu. Kada a tsokale ramin da ƙarfe mai kauri, don yana faɗaɗa shi. Maganin wanki da iska sun isa.

In lokacin kwancewa ya zo, a ɗauki hoto kafin a cire kowane abu, a zuba notuna a leda a rubuta sunansu. Wani ɗan sirri: sukurorin tsofaffin baburan Japan na awon JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan. Sun yi kama da na Phillips masu kan gicciye, amma sukudirebar Phillips cinye musu kai take yi.

Akwai abin da ba a yi masa gyara, sai canji?

Taya da birki. Taya na iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe. Lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙera ta: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tsohon takalmin birki kuma yana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka kada a hura ƙurarsa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wayoyin wuta da suka tsage da bututun mai su ma a sauya su.

To in ina son sauya fasali, har ina zan tsaya?

Ka fara da abin da ake kwancewa da sufana: kujera, hannu, fitila, salansa. Ajiye na asalin a wuri mai kyau, domin mai saye wata rana zai tambaye su. Ka sani cewa sauya salansa ko matatar iska yakan sa sai an sake saitin kafireta, in ba haka ba injin ya riƙa zafi. Yanke firam kuwa ba a komawa baya, kuma waldarsa aikin ƙwararre ne, tunda shi ke ɗauke da kai a kan titi. In babur ɗin irin wanda ya yi ƙaranci ne kuma kayansa na asali sun cika, ni dai ba zan sa masa zarto ba. A nemi wanda dama ya riga ya sha wuya a yanka.