"Ai Tsufa Ne": Maganar da Ke Hana Iyayenmu Zuwa Asibiti

A shekarun da na yi ina aikin lafiya a matakin farko a nan Jos, babu maganar da na fi ji daga bakin masu rako iyayensu asibiti kamar "ai tsufa ne". Ana faɗinta idan Baba ya daina gane fuskar mutum daga nesa, ana faɗinta idan Inna ta kasa miƙewa daga sujada sai ta dafa bango, haka kuma idan dattijo ya koma tashi fitsari sau biyar ko shida a dare ɗaya. Mai maganar yakan faɗe ta cikin tausayi, amma abin da take nufi shi ne babu abin yi, sai haƙuri. Wannan ne ya sa na ɗauki ɗabi'ar tambayar duk wanda ya zauna a kujerar awon jini a gabana, yaro ko babba, yadda yake ji idan aka ambaci tsufa, domin na lura cewa irin kallon da mutum yake yi wa tsufa shi ne yake sa ya nemi magani da wuri, ko kuma ya zauna a gida har abu ya lalace.

Matasa ba su cika tsayawa a kan tambayar ba. Wani matashi mai tuƙa keke tsakanin Farin Gada da Terminus ya yi dariya ya ce, "Malama, bari mu ga gobe tukuna." Bai ce yana tsoron tsufa ba, alamu ma sun nuna bai sa ran kaiwa can ba, kuma wanda bai sa ran tsufa ba ba zai ga dalilin rage sigari ko shan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi ba. 'Yan mata kuwa tasu damuwar takan zo da wuri, domin budurwa 'yar shekara 27 da ba ta yi aure ba an riga an fara yi mata maganar "lokaci yana wucewa", har ta ɗauki kowace shekara a matsayin asara. Abin da nake gaya musu duka shi ne, ƙashin ɗan Adam yakan kai iyakar ƙarfinsa ne wajen shekara 30, kuma abincin da suke ci yau da motsin da suke yi shi ne jarin da gwiwa da baya za su ci nan da shekara arba'in.

Waɗanda tambayar ta fi taɓawa su ne 'yan tsakiya, daga shekara 40 zuwa 55. A nan ne furfura take leƙowa a gemu a sa mata baƙin shuni, a nan ne mutum yake fara nesanta waya daga fuskarsa kafin ya iya karanta saƙo, ya kuma ƙi sayen tabarau don kada a ce ya tsufa. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, dole ne ya ajiye, saboda haka lissafin fansho yake kwana da shi, ga kuɗin makarantar yara, ga maganin iyaye a wuyansa. Wasu sukan rage shekarunsu a takardar rantsuwar kotu. Ba aikina ba ne in yi hukunci a kan wannan, amma ina roƙon a riƙa gaya wa ma'aikacin lafiya shekarun gaskiya, domin ƙoda da jijiyoyin jini ba su san abin da aka rubuta a takarda ba.

'Yan tsakiyar ne kuma suka fi gudun awo. Sau da yawa magidanci yakan kawo mahaifiyarsa, in ce masa, "Alhaji, kawo hannunka kai ma," sai ya ja da baya ya ce kada a gano masa abin da bai zo da shi ba. Hawan jini bai cika yin gargaɗi ba. Mutum zai iya yin shekaru awonsa yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka ba tare da ko ciwon kai ba, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, a ce iska ce ta buge shi a bayi. Ga mata akwai ƙarin wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Yawancinsu jinin al'ada yakan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma na ga matar da take farkawa cikin sanyin Disamba na garin nan jiƙe da gumi, zuciyarta tana bugawa, ta yi wata shida tana shan rubutu da hayaƙi saboda ta ɗauka sammu aka yi mata. Da aka zauna aka yi mata bayani, hawaye ta yi, ta ce abin da ya fi damunta shi ne kada maigida ya gane ta daina haihuwa. Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, amma idan jini ya dawo bayan an yi shekara guda da ɗaukewarsa, wannan kam a garzaya asibiti a duba.

Abin da ya ba ni mamaki a farkon aikina shi ne, tsofaffin su kansu sun fi kowa kwanciyar hankali da maganar. Yawancinsu da hamdala suke buɗe amsa, wasu su tuna mini ayar Suratur Rum da ta ce an halicci mutum daga rauni, aka ba shi ƙarfi, sannan aka mayar da shi ga rauni da furfura. Wani dattijo da ya yi aikin kuza a wajen Bukuru tun yana saurayi ya ce mini, "Ɗiyata, mutuwa ba ta ba ni tsoro, ranar da sai an ɗauke ni an kai ni bayi ita nake roƙon Allah kada ya nuna mini." Wata kuma ta ce abinci ba ya yanke mata, 'ya'yanta da ke Abuja suna turo kuɗi kowane wata, amma an sa ranar auren jikarta ba a shawarce ta ba, sai a bakin maƙwabta ta ji. Tsoron zama kaya a wuyan 'ya'ya shi ne yake sa tsoho ya ɓoye ciwonsa, ya riga kowa cewa "ai tsufa ne", domin ya hutar da su kuɗin asibiti.

Wata safiya wata yarinya ta shigo riƙe da hannun kakarta, tana gaya mata inda za ta taka. Ciwon gwiwa ya kawo su. Da na haska fitila a idon tsohuwar sai na ga farar yana ta rufe ƙwayar idanun biyu. Na ce, "Kaka, tun yaushe kika daina gani sosai?" Ta ce ta fi shekara uku rabon da ta zura zare a allura, kuma ta daina zuwa suna da biki don kada ta riƙa gaisa da mutane ba ta san ko su wane ne ba. Jikar ta ce, "Ai mun ɗauka tsufa ne." Muka tura su asibitin ido aka yi wa ido ɗaya aiki, wanda ba ya ɗaukar dogon lokaci kuma yawanci ba a sa mutum barci. Bayan 'yan makonni ta dawo da ƙafarta, ita ce a gaba jikar tana biye, ta dube ni ta ce ashe ni baƙa ce, ita da ta ɗauka fara ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 a kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya nuna cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu ana iya kauce mata ko a magance ta. A guji masu yawo suna tura yanar cikin ido da tsinke a gargajiyance, domin sau da yawa idon yakan mutu gaba ɗaya daga baya.

Akwai hujjar ilimi a kan cewa tunanin mutum game da tsufa yana taɓa lafiyarsa. A shekarar 2002 wata malamar jami'a a Amurka, Becca Levy, tare da abokan aikinta, sun fitar da sakamakon bibiyar mutum 660 'yan shekara 50 zuwa sama, inda suka gano cewa masu kyakkyawan zato game da tsufansu sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi. Rai dai a hannun Allah yake, amma dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi aiki da tsofaffi: wanda yake ganin akwai sauran amfani a gabansa shi ne yake shan maganinsa a kan lokaci, yake takawa zuwa masallaci, yake kuma cin abinci.

Gigin tsufa ma yana cikin abubuwan da ake yi wa mummunar fahimta. Mantuwa kaɗan, kamar neman carbi alhali yana hannu, ba abin damuwa ba ce. Amma idan tsohuwa ta fara ɓata a unguwar da ta yi shekara hamsin a ciki, ko ta daina gane 'ya'yanta, ko tana fita cikin dare tana sambatu, wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma abin takaici ne a ji an kira irin wannan baiwar Allah mayya. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga da ya faɗi, kuma ana warkewa idan an hanzarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye. Najeriya ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, Jihar Filato ma tana da hukumarta ta inshorar lafiya mai suna PLASCHEMA. A ganina waɗannan ba su iso tsakar gidajen Gangare da Rikkos yadda ya kamata ba tukuna, amma ɗan da yake turo kuɗin magani duk wata zai fi samun sauƙi idan ya je ya tambayi yadda zai yi wa iyayensa rajista.

Kafin nan, sanyin Jos yana tafe, kuma lokacin ne hawan jini da ciwon gaɓoɓi suke tashi. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, domin iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. A ɗumama wa tsofaffi ruwan alwalar asuba, a sa fitila a hanyar bayi, a kuma goge santsin ƙasa, saboda karayar ƙugu tana kwantar da tsoho kwanciyar da ba kowa ke tashi ba. Ranar da za a kawo su awo, a zuba dukkan magungunan da suke sha a leda ɗaya a taho da su, har da na gargajiya da na kemis. Idan kuma na tambayi Baba inda yake masa ciwo, ina roƙon ɗan rakiya ya yi shiru ya bar shi ya amsa da bakinsa.