Wayarka ta ce iska kore ce, amma yaronka yana tari

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum a ɗakin duba marasa lafiya. A cikin satin nan kaɗai yara nawa aka kawo mana numfashinsu yana fita da ƙyar, ƙirji na ƙugi, uwa ta kwana zaune tana riƙe da yaro a kafaɗa saboda in ta kwantar da shi sai tarin ya sarƙe shi. Mu ba shi maganin shaƙa, ya ɗan samu sauƙi, su tafi gida, bayan kwana huɗu ko biyar sai ga su sun dawo. In na tambaya ko ana ƙona shara kusa da inda kuke kwana sai a yi shiru, can sai uwar ta ce eh toh, da yamma ne kawai, ai ba yawa.

Da yamma ne kawai. Wannan maganar ce ta fi ƙona min rai.

Abin da ya sa yau na zauna rubuta wannan, wani uba ne ya kawo ɗansa mai ciwon asma, ɗan shekara huɗu, karo na uku a wata guda. Da na yi masa maganar hayaƙi sai ya ciro waya ya nuna min, ya ce Sista ki duba, manhajar da ke nuna lafiyar iska ta ce wajenmu kore ne, kore kuma lafiya lau kenan, kuma ai daga tauraron ɗan'adam ake ɗauko wannan. Na ce Malam, da gaskiyarka, abin ba ƙarya ba ne, amma wa ya share ƙofar gida jiya ya tara leda da robobi ya kunna musu ashana? Bai ce komai ba. Ban faɗa don in kunyata shi ba, mutum ne mai son ɗansa, da gudu ya kawo shi.

Bari in faɗa muku abin da tauraron nan yake gani, don kar wani ya sake fakewa da shi. Hukumar NASA ta Amurka tana da taurari biyu, Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, dukansu ɗauke da na'urar da ake kira MODIS. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne ta duba yawan hasken ranar da ƙura da hayaƙi suka tare, tun daga can sama har ƙasa, a dunƙule. Ita ba ta san wanne ne yake daidai hancinka ba, wanne ne kuma yake kilomita uku a sama iska na tafiya da shi. Turai ma sun harba nasu a 2017, Sentinel-5P, shi kuma yana bin sawun gurɓatacciyar iskar da motoci da masana'antu ke fitarwa, shi ne ma ya nuna wa duniya a 2020 yadda sararin Sin da arewacin Italiya ya washe lokacin kullen korona da aka ajiye motoci.

Toh ta yaya aka koma daga hoton sama zuwa lambar da ke wayarka? Nan ne kwamfuta ta shigo. Akwai wuraren da aka kafa na'urar awon iska a ƙasa, mai auna ainihin abin da mutane ke shaƙa. Sai a haɗa wa kwamfuta awon na'urorin nan na shekaru da abin da tauraro ya gani a ranakun, a ƙara mata bayanin zafi da laima da inda iska ke kaɗawa da yawan tituna da yawan mutane, ta yi ta kwatantawa har ta koyi cewa in sama ta nuna kaza kuma yanayi kaza ne, to a ƙasa abin ya kai kaza. Daga nan sai ta riƙa yi wa wuraren da babu na'ura kiyasi. Ni ina ganin girman wannan aikin sosai, don wurare da yawa a duniya ba su da na'urar awo ko ɗaya, ba don wannan dabarar ba da ba wanda zai san halin da suke ciki. Amma kiyasi ne fa. Kuma inda na'urorin ƙasa suka yi ƙaranci, nan ne kiyasin ya fi rauni, don kwamfutar da awon wasu wurare ta koyi karatunta.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Taurarin NASA ɗin nan biyu da rana suke wannan awon, ɗaya yana wucewa da hantsi ɗaya bayan rana ta take, don da hasken rana suke yin sa. In akwai gajimare ba sa ganin ƙasa. Ko a mafi kyawun taswirarsu, ɗigo ɗaya yana cin faɗin kilomita guda ne, gidaje ɗaruruwa a haɗe a ba su lamba ɗaya. Kai kuma yaushe kake kunna wa shararka wuta? Bayan rana ta faɗi, lokacin da tauraron ya daɗe da wucewa, kuma lokacin da ƙasa ta fara sanyi hayaƙi ba ya tashi sama, sai ya kwanta ya bi lungu ya shiga taga ya zauna a ɗakin da jariri yake barci. Wutar ma ba ci take da kyau ba, cin ƙarƙashi take tana tirniƙewa har tsakar dare. Wannan ba ya cikin korenka. Huhun yaronka ne kaɗai ya auna shi.

Mutane suna ce min ai iska ta tafi da shi, da safe ba ka ganin komai. Ido ba mudu ba ya san kima, haka ne, amma a nan ido ba ya aiki. Abin da muke tsoro shi ne wanda ake kira PM2.5, ɓurɓushin da sai ka haɗa wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Hanci ba ya tare shi, yana wucewa har ƙarshen huhu, wani ma ya shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin ɓurɓushin nan da ta ke ganin ya dace a shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana illa. Ita ce kuma ta ce kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta wuce ƙa'idarta, sannan gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Wani ɓangare na waɗannan lissafin ma da taimakon taurarin aka yi shi. Wato iskar da ma can ba lafiya gare ta ba, kai kuma ka zo ka ƙara mata roba da taya da tsohon katifa a ƙofar ɗakinka.

Haba jama'a. Haba iyaye. Leda fa ba itace ba ce, roba in ta ƙone guba take fitarwa, yaro kuma ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere yana daidai inda hayaƙin ya kwanta. Mai ciki tana shaƙa, tsoho mai hawan jini yana shaƙa, maƙwabcin da bai kunna komai ba shi ma yana shaƙa. Sai ku zo ku ce min sanyi ne ya kama shi. Wane sanyi?

Na san me za ku ce, ba a zuwa kwasar shara, ta taru tana wari, ƙudaje sun dame mu, ya za mu yi. Na ji, kuma ba na raina wannan uzurin, hakki ne a kan hukumomi su kwashe kuma ya kamata ku haɗu ku matsa musu. Taswirar taurarin nan ma nan ne amfaninta, a nuna wa masu mulki cewa yanki kaza shekara da shekaru iskarsa ba kyau. Amma kafin su zo, dan Allah:

Ku daina sa wa leda da roba da taya wuta, ko da rana ko da dare.
Ku ware su daban a buhu, akwai masu saye ko karɓar robobi da ƙarafa.
Ɓawo da ganye da ragowar abinci a haƙa rami a binne, taki ne.
In maƙwabci ya kunna, a rufe taga ta ɓangarensa, a ɗauke yara da tsofaffi, gobe kuma a je a yi masa magana cikin mutunci.
Mai asma kar maganin shaƙarsa ya yi nisa da shi.
Yaro in yana numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza kala, ko ya kasa shan nono, kar a jira safiya.

Wayar kuma ku ci gaba da dubawa, ban hana ba, ranar da ta nuna ja ku rage wa yara wasan waje. Amma ranar da ta nuna kore ku leƙa ƙofar gida tukuna.

Uban nan ya ce min zai daina, kuma zai yi wa mutanen layinsu magana. Na rubuta musu su dawo bayan sati biyu in sake sauraron ƙirjin yaron.